Wuƙa Ɗaya, Kek Biyu

Jama'a, Asabar ɗin da ta wuce a layin gidan mai na wayi gari, da jarka a hannu, alhali kwaɓin kek na zaune a kicin yana jirana. Masu wuta, Allah ya ƙara musu basira, suna jin mun kunna obin ɗin gasa kek suka ɗauke abarsu, kada mu gajiyar da ita. Janareto kuma ba irin mu ba ne, ba ya rayuwa da alkawari, sai an zuba masa mai.

Bikin zagayowar ranar haihuwar autata ne, ta cika shekara bakwai. Ita Auta cikinta ba ya shiri da alkama. Likita ya ce akwai wani sinadari a cikin alkamar, gulutin, wanda ko ɓurɓushinsa ta haɗiya sai murɗar ciki da amai da kwanciya. Burodi, biskit, taliya, duk sai dai ta gaishe su daga nesa. Duk bikin ƙawayenta da ta je, ayaba ake miƙa mata, ta zauna tana kallon bakin mutane. Bara ta dawo daga wani bikin ta tambaye ni ko kek yana da daɗi kamar yadda yake da kyau. Nan na yi mata alkawari bana za ta ci kek nata na kanta, kuma ta kwana lafiya.

A layin man na haɗu da maƙwabcina Mai Walda, na ba shi labari. Ya kwashe da dariya ya ce wannan ai cutar masu kuɗi ce, su da suka tashi suna cin duk abin da bai gudu ba. Na ce masa da cutar masu kuɗi ce, da ba a bayansa zai gan ni da jarka ba. Sai ya koma yi mini lissafin matatun man da aka yi mana alkawari tun yana saurayi, har layi ya motsa.

Maman Auta kuwa ta riƙe cewa rigakafi ya fi magani. Garin shinkafa ta samo, ta sayi sabuwar rariya da sabon kwanon gashi da sabuwar wuƙa, ta ɗaura wa wuƙar jan zare a ƙota don kowa ya san ba ta taɓa ganin burodi ba. Ta wanke kicin har bango, ta kafa doka cewa babu abin alkama da zai ƙetare mana ƙofa. Ni kaina sai da aka kaɗe mini aljihu.

Matsalar daga ƙanin matata ta ɓullo, wanda sana'arsa ita ce riƙe wa wani babban mutum jaka. A unguwarmu muna kiran babban mutumin Mai Girma Sarkin Almakashi, domin bawan Allah bai iya ganin ƙyalle a ɗaure ya wuce ba. Famfon bakin layinmu sau biyu ya buɗe shi, kuma har yau famfon bai yi gaggawar kawo ruwa ba. Surukin nawa ya je ya tsegunta masa akwai yarinya mai lalura, akwai taro, akwai wurin tsayuwar mai hoto.

Yara sun zazzauna a falo, balan-balan na rataye, kek ɗinmu ɗan guntu na kan tebur, gefe ɗaya ya yi duhu saboda janareto ya yi tari ana tsakiyar gashi. Sai jiniya. Ƙarti suka shigo ɗauke da kek mai hawa uku, da fuskar Mai Girma a samansa tana murmushi. Alkama ce zalla, tun daga ƙofa ƙamshinta ke shelar kanta. Suka dire shi kusa da namu, namu ya koma kamar ɗan rakiya.

Mai Girma ya yi jawabi mai ratsa zuciya. Ya ce ba zai runtsa ba sai ya ga bayan gulutin a yankin nan, har ya kafa kwamiti mai ƙarfi, da ƙaramin kwamiti da zai sa ido a kan babban, da motocin zagaye. Muka tafa. Ni ma na tafa, ai baƙonka annabinka.

Yana rufe baki idonsa ya sauka a kan wuƙa mai jan zare. Kafin Maman Auta ta ce uffan ya ɗauka ya tsarga wa kek ɗinsa, mai hoto na ta walƙiya. Daga nan ya juyo da wuƙar, duk ta yi dumu-dumu da ɓurɓushi, ya nufi kek ɗin Auta. Na san wuƙar na taɓa shi, shi ke nan, yarinyata ta koma kan ayaba a bikinta.

Ku da kuke karanta ni kun san halina, a takarda nake zaki. In na ga babbar mota har hula nake cirewa. Amma na dubi Auta na ga leɓenta ya fara rawa, sai kawai na ji hannuna ya cafke wuyan hannun Mai Girma. Ƙartin suka matso, surukina ya ɓuya a bayan labule da jakarsa.

"Malam, albarka zan sa wa yarinya," in ji shi, yana murmushin da bai kai ido ba.

"Ranka ya daɗe, albarkar da alkama a jikinta."

Ya ja, na ja. Na shiga yi masa bayanin ɓurɓushi da murɗar ciki, shi kuma yana gyaɗa wa mai hoto kai, don bai saba a yi masa bayani a tsaye ba. Ni kuwa tura ta kai bango.

Auta ba ta jira ƙarshen shari'ar ba. Ta jawo farantin zuwa ƙirjinta, ta sunkuya ta gatsi kek ɗin ta gefen da bai ƙone ba, babu wuƙa babu cokali. Sauran yara suka ga an buɗe fage, suka afka wa mai hawa uku, suka fara ta kan kunnen Mai Girma na jikin kek ɗin. Na waiga na tambaye ta ya ta ji shi. Ta ɗago da kumatu a cike, ido na ƙyalli.

"Baba, ka ci gaba da riƙe shi."

Na kuwa ci gaba, har ta ƙoshi ta lashe yatsu. Ta kwana lafiya lau, ko juyi ba ta yi ba, ni kuma na yi farin cikin da na daɗe ban yi irinsa ba.

Washegari Mai Walda ya nuna mini hoton a waya. Yaran Mai Girma sun rubuta a ƙasa cewa ga wani uba da godiya ta cika shi, ya ƙanƙame hannun jagora ya ƙi saki. Ban ƙaryata ba, gaskiya suka faɗa, na ƙi saki. Ina ma ba ku shawara, duk wanda ya samu irin wannan hannu ya nuna masa ƙauna haka, ya riƙe gam, ko yara sa samu su ci rabonsu.