Yadda Za Ka Sayi Sa da Kuɗin da Ba a Taɓawa

Ɗan'uwa, gyara zama. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawarin kafin Babbar Sallah za ka mallaki dukiyar da ɓarawo ba ya iya ɗauka, gobara ba ta ci, dangi masu doguwar gaisuwa ba sa jin ƙamshinta. Tabbas nake faɗa maka, babu kila a ciki. An gwada hanyar a nan Garuwa, a gaban idona, a kan maƙwabcina Mahamman mahauci, kuma har yau kuɗinsa ko ƙwandala ba ta yi ciwon kai ba.

Mataki na 1: Ka samo buri mai ƙaho

Kada ka shiga harkar nan don neman na cefane. Ka nemi abin da ke maka ƙaiƙayi a zuciya.

Mahamman ya shekara goma sha shida yana fawa, amma bai taɓa yanka sa na kansa ba. A cikin mahauta akwai masu yanka, akwai masu karɓa. Masu yanka su ne ake tashi a ba su kujera a kwata. Mai karɓa kuwa sai ya tsaya a gama fiɗa, a miƙo masa cinya ko ƙirji, ya ɗora a moto, wato babur, ya kai teburinsa. Abin yana ci wa Mahamman rai ƙwarai, ko da yake da dariya yake rufewa.

Sai ya ɗora ido a kan wani farin sa mai tozo a garken Malum, dillalin shanu. Ya shafa shi, ya duba haƙoransa, ya kuma yi kuskuren faɗa a gaban mahauta cewa bana da sunansa za a kayar da san nan. Malum ya ce, "Na ajiye maka shi har kasuwar ƙarshe kafin Sallah. Bayan nan, Mahamman, ko uwa ɗaya ta haife mu, wanda ya kawo kuɗi shi ke jan igiya."

Kai ma ka faɗi naka burin a bainar jama'a. Burin da aka yi shiru da shi ana iya fasawa, kuma mu ba fasawa muka zo yi ba.

Mataki na 2: Ka sauya wa abin suna

Kada ka kuskura ka ce caca. Caca ta 'yan iska ce. Abin da za ka yi sunansa wasan gwaninta, kuma a haka za ka riƙa kiransa ko a mafarki.

Mahamman gwanin damiye ne, wasan nan na allo mai gida-gida da ake bugawa da marafan kwalba a bayan rumfar mahauta. Shekara da shekaru babu mai kayar da shi sau biyu a jere. Da ya ji ana buga shi a waya, a sa kuɗi, wanda ya ci ya kwashe, sai ya ga ai san Malum ne ke kiransa.

Matarsa Saudatu ta ce, "Baban Nazira, in ka sa kuɗi, shi ma ya sa, ɗaya ya tashi da na ɗaya, mene ne sunan wannan?"

Ya ce, "Basira, Saudatu. Caca sa'a ce. Wannan kuwa ƙwaƙwalwa ce."

Ta ce, "To, Allah ya sa ƙwaƙwalwar ta san hanyar gida."

In aka yi maka irin wannan addu'a, ka ce amin da ƙarfi, ka fice. Kada ka tambayi malamin unguwa. Tambaya tana jawo amsa.

Mataki na 3: Ka nemi mai kabin

Kuɗin wasan nan ba sefa ba ne da za ka lissafa da yawu a yatsa. Kirifto ake kiransa, yana zaune cikin waya, kuma yanzu kowa ya shiga. Ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, zai sauke ka ya tambaye ka ko kana da shi. Mai sayar da taya yana maganar ya hau, ya sauka, kamar ruwan Binuwai. Wanda bai sani ba ma yana gyaɗa kai don kada a raina shi.

Kana buƙatar mai buɗe maka asusu. Na Mahamman shi ne Joël, mai kabin, wato ɗan shagon tura kuɗi a bakin kasuwa, mutum mai tabarau da haƙuri. Ya danna abin da zai danna, sannan ya yago takarda ya rubuta kalmomin Turanci goma sha biyu, kowace da lambarta a gefe, daga ɗaya zuwa sha biyu.

Ya ce, "Patron, maigida, saurara da kyau. Nan babu banki, babu direkta, babu wanda za ka je ka yi wa kuka. Kalmomin nan su ne makulli. In waya ta ɓace, da su za a buɗe. Kada mutum ɗaya ya gan su duka. Ka gane?"

Mahamman ya ce, "Na gane sarai."

Ka lura da amsar nan, ka haddace ta. Duk bayanin da aka yi maka, ka ce ka gane sarai. Mai burin sa ba ya cewa a maimaita masa magana.

Mataki na 4: Ka ci

Nan ne yawancin mutane ke faɗuwa, don haka shawarata ita ce kada ka faɗi.

Mahamman bai faɗi ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi ba ni haushi a labarin. Ya jingina waya da sikeli, wuƙa a dama, yatsan hagu a kan allo, yana cin mutanen da bai taɓa gani ba. Har zolayarsu yake yi kamar suna jinsa: "Matso, ɗan gari, matso. Wa ya koya maka? A mayar maka da kuɗin makaranta!" Madam Rosalie, mai gidan abinci da ke sayen nama wurinsa kullum, takan tsaya da kwandonta har ta gaji ta ce, "Mahamman, kilo uku na ce, ba labari ba."

Ranar da aka ci shi, sai ya ce rezo ne, wato sabis ɗin waya. Ka riƙe wannan ma. Gwani ba ya faɗuwa, rezo ne ke yankewa.

A cikin wata biyu abin da ya ci ya taru, kirifton kuma ya hau da kansa, har Joël ya cire tabarau ya goge ya ce saura kaɗan kuɗin sa ya cika. Ranar Mahamman bai taka ƙasa da ƙafa biyu ba. Ya biya ta garken Malum ya gaishe da san kafin ya gaishe da mai shi.

Mataki na 5: Ka adana makulli da irin basirar sana'arka

Dukiya ta taru, sai tsoro ya zo. Takarda ɗaya ce, a aljihu ɗaya. Mahamman ya tuna Joël ya ce kada mutum ɗaya ya ga kalmomin duka, sai ya yi abin da ya fi kowa iyawa a Garuwa.

Ka san watanda: mutane su haɗa kuɗi su sayi sa, mahauci ya kasa naman kashi-kashi daidai wa daida. A nan Mahamman ya yi suna. Kowane kashi sai ya sami tsoka, ya sami ƙashi, ya sami ɗan kitse da hanta, yadda ko mai ƙorafin gado ba zai ce an cuce shi ba.

Ya shimfiɗa takardar a kan teburin nama, ya wasa wuƙa, ya yanka ta gida goma sha biyu, kowace kalma da ƙyallenta. Ya dubi lambobin gefe ya ga fitina ce, domin wanda ya sami lamba ɗaya zai ɗauka ya fi mai lamba tara daraja. Ya gyare su tas kamar yadda yake cire jijiya, ya share su cikin shara. Sannan ya kasa kashi huɗu: kowane da doguwar kalma ɗaya, matsakaiciya ɗaya, gajera ɗaya. Ya ja baya ya duba, ya musanya biyu don wani kashin ya fi nauyi a ido.

Kashi ɗaya ya ba Saudatu, ɗaya Malum, ɗaya Madam Rosalie, na huɗun ya ba ni. Kowa ya rantse zai riƙe amana. Ni kaina na yaba da adalcin rabon, na ce masa ko alƙali sai haka.

Mataki na 6: Ka bar waya a aljihun gaba

Saura kwana tara kasuwar ƙarshe, Mahamman ya sunkuya a kan randar da ake wanke tumbi a kwata, wayar ta zame ta yi nutso. Ya tsamo ta, ya binne ta cikin shinkafar Yagoua kwana biyu kamar yadda masana suka ce. Shinkafar ta ɗauki wari, wayar ba ta farka ba.

Kada hankalinka ya tashi a wannan mataki. Na Mahamman bai tashi ba. Ya sayi wata wayar, yana murmushin mutumin da ya yi shiri tun kafin ruwa ya sauko.

Mataki na 7: Ka tara amintattunka

Muka hallara a kabin ɗin Joël da hantsi. Saudatu ta kwance bakin zane, Malum ya zaro nasa daga cikin hula, Madam Rosalie ta fito da nata daga gwangwanin magi, ni ma na ajiye nawa. Goma sha biyu cif, babu wadda ta ɓace. Mahamman ya dube mu, idonsa ya kawo ruwa don jin daɗi, ya ce a zamanin nan samun mutum huɗu irinmu sai an tona.

Joël ya dubi ƙyallayen ya ce, "Bon. Wacce ce ta farko?"

Mahamman ya ce, "Duk ɗaya ne. Ɗauki wadda ta yi maka."

"Patron, ina lambobin?"

"Na gyare su. Ai ba a ba mutum kashi da jijiya."

Joël ya cire tabarau, wannan karon bai goge ba. Ya ce kalmomin sai a jere suke buɗewa, yadda ya rubuta su, ta ɗaya kafin ta biyu. Malum ya ce to a yi ta gwadawa mana, guda nawa ne. Joël ya danna lissafi ya juyo mana da wayar: hanyoyin jera su sun haura miliyan ɗari huɗu da saba'in.

Madam Rosalie ta ce, "Mon Dieu." Malum ya ce, "Kay!" ya mayar da hularsa.

Mahamman ya ce a hankali, "Amma kuɗin suna nan?"

Joël ya ce, "Suna nan, patron. Ina da lambar asusun, kullum za ka iya gani. Ga su. Tun jiya ma sun ƙaru."

Ka ga abin da na yi maka alkawari ke nan. Babu ɓarawon da zai taɓa su.

Mataki na 8: Ka karɓi aikin da aka ba ka

Kwana bakwai Mahamman yana zaune a kabin yana jera ƙyallaye, Joël yana dannawa, waya tana cewa a'a. Ranar kasuwar ƙarshe Malum ya jira shi har la'asar, abin da bai taɓa yi wa kowa ba, sannan ya sayar da san ga wasu ma'aikatan kamfanin auduga su bakwai da suka haɗa kuɗin layya.

Da safiyar Sallah suka aiko neman wanda ya fi kowa iya rabo. Kowa ya nuna musu gida ɗaya.

Na ɗauka ba zai je ba. Ya je. Ya shafa tozon san, wani ya yanka, shi ya fiɗe, ya kasa kashi bakwai, kowane da tsokarsa da ƙashinsa da hantarsa. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nasa a ranar ba. Da ya gama, babban cikinsu ya zagaya kason yana jinjina kai, ya ce, "Malam Mahamman, wallahi ko wane kashi mutum ya ɗauka, duk ɗaya ne."

Mahamman ya goge wuƙarsa ya ce, "A nama, haka ne."

Suka ba shi wuya da ƙafa biyu ladan aiki, ya ɗora a moto ya kai wa Saudatu.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba malami ba ne, ba ma'aikacin banki ba ne, bai kuma taɓa cin kowa a damiye ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa sa, ko waya, ko sakin fuskar matarsa, shi ya jiyo, kada ya doso ƙofata. Alkawarin dukiyar da ba a taɓawa na yi, ban ce ban da mai ita ba. Amana aka ba ni ta kalma uku, na riƙe, na mayar da su cif a gaban shaidu. Wanda ke da ƙorafi ya sami Mahamman a kabin ɗin Joël bayan sallar la'asar, yana can yana duba kuɗinsa. In ka je, kada ka tambaye shi nawa suka kai, domin zai faɗa maka, kuma yanzu sun isa sa biyu.