Ranar da Aka Naɗa wa Idon Ƙirji Rawani

A wani gari da ake kira Kauda-kai, can gaba da inda kwalta ta gaji ta tsaya, an yi shekarar da jama'a suka ishi Majalisar Amin-amin da koke a kan 'yan doka. Wannan ya zo da haƙorinsa a aljihu, wancan da kumburarren ido. Kowa ya ce kulki ne, 'yan doka su ce santsi ne ya kwashe shi, ko da kuwa rabon garin da ruwan sama wata bakwai. Da koken ya fara hana kansiloli barcin rana, sai suka kafa Kwamitin Sa Ido, suka ɗora Alhaji Gyangyaɗi a kansa.

Kwamitin ya tafi birni ya dawo da kyamarori arba'in, kowace ba ta fi akwatin ashana ba, aka maƙala wa kowane ɗan doka ɗaya a gaban riga. Mutanen gari suka raɗa wa abin suna Idon Ƙirji. Ranar ƙaddamarwa Alhaji Gyangyaɗi ya ce daga yau ko ƙuda ɗan doka ya kora, majalisa za ta gani.

Nomau mai faci yana cikin waɗanda suka yi tafi, kuma shi har zuciyarsa ya yi. Shekara goma sha tara yana da rumfa a bakin Kasuwar Yi-shiru, da ita yake ci da iyalinsa. Wata Talata da hantsi Saje Tsumagiya ya turo babur ɗinsa, ya tarar da Nomau yana liƙe tayar keken wani gurgu.

"Ajiye wannan, ka duba nawa."

"Saje, ɗan dakata in sallami bawan Allahn nan, shi ya riga zuwa."

Da ya faɗi haka ba fuskar Saje yake kallo ba, Idon Ƙirji yake kallo, irin kallon wanda yake da babban wa a wurin. Sau uku kulki ya sauka a hannunsa na dama. A na ukun hannun ya karye, kulkin ma ya tsage.

Washegari aka kawo masa sammaci. Ana tuhumarsa da lalata kayan hukuma da hannunsa, hukuncinsa kuwa ƙwace rumfa. Matarsa Lantana ta ɗora hannu a ka, shi kuwa ko a jikinsa.

"Kwantar da hankalinki," in ji shi. "Wannan karon akwai wanda ya gani."

Ranar zama ya shiga zauren majalisa da hannu a ɗaure cikin karan ɗori, ya roƙi a kira shaidarsa. Magatakarda ya cire Idon Ƙirji daga rigar Saje, ya jona shi da majigi. Sai ga fuskar Nomau a bango, ga gurgu a gefe, ga kulki ya tashi sama. Nan take kansilan Unguwar Ba-ruwana ya zabura ya zare waya.

"An rantsar da shi? A garin nan shaida ba ya buɗe baki sai ya yi alwala."

Aka kawo buta. Magatakarda ya ce takardar da aka haɗo shi da ita ta ce in ruwa ya taɓa shi ya mutu. Zaure ya ɗauki salati. Nomau ya yi ta maza ya ce ai marar lafiya ma taimama yake yi. Kansilolin suka kalli juna, don ba su so talaka ya zo musu da ilimi ba, amma suka bari aka shafa wa abin ƙasa.

"To, mun wuce wannan," in ji kansilan. "Ɗan gidan wa ne? Wane ne ubansa?"

Aka juya bayansa, aka ga rubutun da ba wanda ya iya karantawa. Kansilan ya ce shi Saje kowa ya san kakansa, har rijiyar da kakan ya haƙa tana nan. Yanzu baƙon da ba shi da asali, wanda aka goya a ƙirji aka yi masa masauki, shi zai tashi ya tona asirin mai masaukinsa? Majalisa ta ce amin, aka ɗage zama.

Sati uku Nomau yana bin gidajen kansiloli, hannu na zogi, tukunyar Lantana na kwana a kife. Abu ɗaya yake roƙo: a taimaka a samar wa shaidarsa asali. A ƙarshe ya dace da Alhaji Gyangyaɗi a farke.

"Wannan ai mai sauƙi ne," in ji Alhaji. "Wanda ba shi da uba, rawani ne ubansa. Za mu naɗa shi."

Sai da Nomau ya yi hawaye don murna. Abin tausayi, har addu'a ya yi wa Alhaji da zuriyarsa.

Aka sa ranar naɗi ta zo daidai da ranar shari'a. Majalisa ta ba Idon Ƙirji sarautar Sarkin Gaskiyar Kauda-kai, kuma don kada sauran talatin da tara su yi fushi, aka ce duk a naɗa su. Tela ya yanko 'yan rawunna arba'in farare tas. Gwanin naɗi ya zauna ya yi aikinsa yadda aka gada, ya fitar da kunnuwa biyu, ya ja amawali ya rufe fuska. To, shi Idon Ƙirji duk fuskarsa ido ce.

Nomau ya matso. "Ranka ya daɗe, an rufe masa ido."

Alhaji Gyangyaɗi ya harare shi. "Wane basarake ka taɓa gani yana kalle-kalle kamar ɗan tasha? Yi mana shiru, yanzu shaidarka ta fi ƙarfin kowa."

Aka mayar da Sarkin Gaskiya kan ƙirjin Saje, aka yi busa, aka buɗe shari'a. Nomau ya roƙi a jona shi da majigi. Kansilan Unguwar Ba-ruwana ya riƙe baki.

"A jona Sarki da waya a gaban talakawa? Kai, ba ka da tarbiyya? Basarake ba ya magana da bakinsa a fada. Na kusa da shi yake raɗa wa, shi kuma ya isar."

Aka duba duk zauren, ba a sami wanda ya fi Saje Tsumagiya kusa da Sarki ba. Saje ya sunkuyar da kunnensa kan ƙirjinsa, kamar mai saurare, yana gyaɗa kai cikin ladabi. Can ya ɗago.

"Sarki ya gaishe ku. Ya ce shi da idonsa ya ga hannun ya taso wa kulki har sau uku, kulki yana haƙuri."

"Amin, amin," in ji majalisa.

Aka ƙwace rumfa, aka ba ƙanin Saje. Alhaji Gyangyaɗi ya sa a rubuta cewa tun da aka kawo Idon Ƙirji, wannan ce shari'a ta farko da ya warware, kuma zai so sauran garuruwa su zo su koya.

Nomau ya fito bakin zaure, ya rasa gabas ya rasa yamma, yana tunanin abin da zai faɗa wa Lantana. Sai ya ji an dafa kafaɗarsa. Saje ne, da sabon kulki a hammata, yana gyara wa Sarki kunnen rawani.

"Mai faci, ba ka yi wa Sarki jinjina ba."

"Saje, hannun a karye yake."

"Na hagun fa? Lafiyarsa ƙalau?"

Saje ya ƙara jan amawali ƙasa kaɗan, ya nuna masa lungun bayan majalisa.

"Mu je. Sarki na son ganinka."