Na Kulle Ɗakina Ta Waje Ina Ciki

Ba zan taɓa mantawa da kwana biyun da na yi a Bagudo ba, musamman da yake ko hanyar Bagudon ban kama ba.

Ni malamin gona ne. A shekarar da abin ya faru an tura ni wani ƙauye can gaba da Geza, wurin manoman shinkafa. Ɗan jihar Kebbi ne ni, amma a Kaduna na tashi a hannun kawuna, shi ya sa ko gaisuwa na yi sai an ɗago an sake dubana. Matata tana koyarwa a Birnin Kebbi, ba halin ta biyo ni. Aka ba ni ɗaki ɗaya a jikin gidan wani dattijo, Baba Dantani. Ƙofar ɗakin tana kallon hanya da wata bishiyar darbejiya, tagar baya kuma tana kallon rumbunan gidan.

Sai in faɗi gaskiya tun yanzu: Allah bai yi ni da hira ba. Daga "ina kwana, ina gajiya, ya iyali" bakina ya bushe ke nan. In dai ba maganar taki ko tsutsar kara ba ce, sai in tsaya ina murmushi kamar wanda aka kawo ɗaukar hoto. Watannin farko na sha kaɗaici ba kaɗan ba. In dawo daga fadama, in ci abinci, in kwanta ina ƙirga azarar rufi. Ina jin dariyar mutane daga nesa amma ban san ta inda ake shiga cikinta ba.

Abin da ya cece ni wata tsohuwar kwamfutar cinya ce da na saya hannun wani ɗan kasuwa mai shigo da kaya daga tsallaken iyaka. Komai nata Faransanci ne, ni kuwa ban san ko "zo" ba a harshen, hotunan maɓallai kawai nake bi. Ina da tarin bidiyon kokawar Nijar a wani ɗan filashi. Wata rana bayan la'asar ina kallo, sai Buba, wani Bafulatani mai kawo wa gidan nono, ya ji kiɗa ya leƙo. Washegari ya dawo da mutum biyu. Kafin mako ya zagayo, kullum aka sauko daga la'asar sai ka ga mutum shida ko bakwai a kan tabarma ƙarƙashin darbejiyar, har da Baba Dantani da carbinsa. In ɗora kwamfutar a kan benci, in jona mata 'yar lasifika, in zauna a gefe.

Wallahi na ji daɗin zaman nan. Ba wanda ya nemi in yi magana. Aikina dannawa ne kawai. "Malam, mai da shi baya mu ga kayen ga!" Sai in mayar. Aka yi shewa, ni ma in yi. Na fara aske gemu saboda la'asar. (Ka ji fa, saboda mutanen da allo suke kallo ba fuskata ba.)

To, ranar wata Litinin kwamfutar ta fito da wani rubutu a tsakiyar kokawa, sai Buba ya ce, "Malam, wai mi taka cewa? Kana jin yaren nata kuwa?" Aka ɗan yi dariya. Dariya ce ta wasa, amma ni sai na ji kamar an taɓa min rawani. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni: "Ai ƙwaƙwalwarta zan sauya gaba ɗaya. Ku ba ni zuwa Laraba, za ku ga aiki."

Ilimina a harkar kwamfuta kuwa bai wuce wata bita ta mako biyu da aka taɓa yi mana ba, sai bidiyoyin da nake kallo a waya. Amma ina da babbar manhaja ta kyauta, irin wadda ke tafiyar da kwamfuta baki ɗaya, wani abokin aiki ya taɓa zuba min. Talata da safe na share tsohuwar tas, na ɗora sabuwar. Komai ya tafi sumul. Ta tashi da Turanci, ga sunana ɓaro-ɓaro a allo, ga gurbin kalmar sirri. Har na miƙe na yi taku biyu a tsakar ɗaki don jin kai.

Na rubuta kalmar sirri. Allon ya yi baƙi, ya yi walƙiya sau biyu, sai ga sunana ya dawo yana neman kalmar sirri. Na sake rubutawa a hankali, da yatsa ɗaya. Baƙi, walƙiya, sunana. Na yi bismilla na sake. Na kashe na kunna. Na cire batir na hura masa iska (kada ka tambaye ni dalili). Ba ta taɓa ce min kalmar ba daidai ba ce. Karɓa take yi da ladabi, ta buɗe ƙofa kaɗan, ta maido ni waje.

Da na bincika a waya, sai na gano matsalar sananniya ce. Akwai wata ƙaramar manhaja da ke shiga tsakanin kwamfuta da sashen da ke zana hoto a allo, masu sana'ar suna ce mata direban hoto. Wanda sabuwar manhajar ta zo da shi bai san tsohon sashen hoton kwamfutata ba, shi ya sa duk lokacin da za a buɗe min babban shafi sai abin ya rushe. Maganin wai a cire shi a sa wanda ya dace. A rubuce layi uku ne.

Da la'asar su Buba suka hallara kamar kullum. Na fito na ce musu faifan sola bai ja wuta sosai ba yau. Dukkansu suka ɗaga kai suka dubi rana, wadda tun safe take gasa mutane. Suka ɗan zauna, ni ma na zauna, shiru ya yi yawa, na ce bari in duba wani abu a ciki. Ban sake fitowa ba.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, in babu kokawa, me zai sa wani ya sake zuwa ƙofata? Na riga na ɗanɗana zama da mutane, komawa ƙirgar azara ya fi ƙarfina. Mai hankali zai ɗauki kwamfutar ya kai wa mai gyara a Bagudo. Sai dai mai gyaran surukin Baba Dantani ne, kafin in tayar da babur in juyo labari ya riga ni isowa, cewa mai sauya ƙwaƙwalwa ya kawo gawa. Don haka na zauna na tsara dabara, irin wadda sai mai digiri ne zai iya tsara ta.

Laraba bayan sallar asuba na ce wa Baba Dantani an kira mu taro a ofis a Bagudo, kwana biyu zan yi. Ya yi min addu'ar sauka lafiya har da shafa fuska. Da na ga mutanen gidan sun wuce gona, na tura babur ɗina cikin ɗaki, na shigar da takalmana, na fito na datse ƙofa da kwaɗo ta waje. Na zagaya baya, na duba hagu da dama, na kama taga na haura. Tagar an yi ta ne don iska, ba don magidanci mai tumbi ba. Na daɗe rabi a ciki rabi a waje ina harba ƙafafu kafin in faɗa kan buhun taki.

Haka na fara taron Bagudo. Ɗaki a rufe, zafi kamar a tanda, ga warin fetur. Abincina garin kwaki da sukari. Sauran buƙatun ɗan Adam kuwa mu bar su a rufe, albarkacin wani tsohon bokiti. Na koyi danna maɓallai uku a tare in shiga wani baƙin shafi da babu komai sai rubutu, ina kwafo umarni daga waya harafi bayan harafi. Na cire direban, allon ya koma manyan haruffa kamar na mai ciwon ido. Na sa wani, ya ƙi tashi sam. Kowane gwaji sai an sauko da kaya daga intanet, sabis kuma sai na rataye wayar a ƙusar taga, wani lokacin ma layin tsallaken iyaka take kamowa ta ƙi komai. Aka kira azahar ina jin tafiyar mutane zuwa masallaci, na yi tawa ni kaɗai tsakanin babur da bango, ina karatu a zuci kamar ɓarawo.

Bayan la'asar sai na ji ana shimfiɗa tabarma a ƙofata. Muryar Baba Dantani, ta Buba, da sauran duka. Na ce a raina sabo ne da inuwa, yanzu za su watse.

Ina! Hira suka buɗe, irin wadda ban taɓa jin sun yi ba. Buba ya ba da labarin wata saniyarsa da ta tsallaka iyaka ita kaɗai ta kwana uku ta dawo, wai tun daga nan ba ta amsa kira sai an yi mata da ladabi. Baba Dantani ya kawo labarin shekarar da kogi ya cinye masa gona ya kama kifi a inda ya shuka shinkafa. Suna magana da ƙarfi, suna dariya har da tari. Ni kuwa ina zaune a ƙasa, bayana a jikin ƙofa, katako ɗaya ne tsakanina da su. Sau biyu na toshe baki don kada dariyata ta fita. Daga baya na daina dariyar. Ashe ba ni, ba kwamfutata, zamansu ya fi daɗi. Har suka tashi ba wanda ya ambaci sunana ko sau ɗaya. Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba, gardi da ni, a gefen bokiti.

Alhamis ma haka suka dawo. Suna cikin hira ne na gwada abu na ƙarshe da na gani a wani tsohon shafi, wai masu irin kwamfutata su koma wa tsohon direba, na shekarun baya. Na sa shi ba tare da wani fata ba, na kashe na kunna, na rubuta kalmar sirri. Allon ya yi baƙi. Na jira walƙiya. Sai kawai ga babban shafi ya buɗe, shuɗi, tsaf, kamar bai taɓa yi min komai ba.

Murna ta kwashe min hankali. Na ce bari in tabbatar hoto na tafiya. Na soka filashi na danna bidiyon farko. Abin da na manta, lasifikar tana jone tun ranar Talata, a ƙure.

Jama'a, kalangu ya tashi a ɗakin nan kamar a filin kokawa, ga ihun 'yan kallo, ga mai shela yana kirari. Na daka tsalle in kashe, na bangaji babur, babur ya faɗa kan bokiti. Kafin in lalubo wayar lasifikar in fizge, an yi kaye ɗaya cikakke.

Can sai na ji gyaran muryar Baba Dantani dab da ƙofa.

"Salamu alaikum. Malam, an tashi taron?"

Makullin yana aljihuna, kwaɗo yana waje. Ko in sake bin taga a gaban kowa, ko in miƙa wuya. Na durƙusa na turo makullin ta ƙarƙashin ƙofa. Ina jin sa yana buɗewa a natse. Haske ya shigo, ga ni daga ni sai singileti, gari a gemu, babur a kwance, ƙasa a jiƙe. Buba ya leƙo ya dubi ɗakin sama da ƙasa, ya toshe hanci da gefen rawani ya ce, "Kai, Bagudo ta lalace bana."

Dariyar da aka yi har da masu riƙe ciki. Na fara kame-kame, wai yanzu na dawo, wai ta baya na biyo. Baba Dantani ya ɗaga min hannu.

"Bari, Malam. Tun jiya da sahe uwargidana Inna ta je ɗibar gero ta ga ƙafafunka a taga suna iyo. Munka ce wanga bawan Allah akwai abin da ya dame shi, ba ya son a gan shi, to kada a kunyata shi. Amma kuma ba a barin mutum shi ɗaya a ɗaki kwana biyu. Shi ne munka ce mu riƙa zama nan kusa, ka riƙa jin motsin mutane."

Na tsaya ina kallonsa. Wato ɗaga muryar da suke yi, saboda ni ne. Rashin ambaton sunana ma saboda ni ne. Kunyar da na ji a lokacin ta ninka ta bokitin sau goma. Abin da ya zo bakina kawai shi ne, "Ai ta gyaru, Baba. Yanzu Turanci take yi. In kunna muku?"

"Bar ta ta huta, ta sha wuya hannunka," in ji shi. "Je ka yi wanka ka zo ka zauna."

Na yi wanka na fito na zauna a bakin tabarma, hannuna ba abin dannawa. Aka sa ni in ba da labarin taron tun daga farko. Na fara ina in'ina, na kai wurin tagar, Buba ya ce in mai da shi baya. Sau uku na maimaita musu wurin kafin a kira magariba, kuma shi ne labari na farko da na taɓa bayarwa a garin aka saurara har ƙarshe.

Darasin da na ɗauka bai da yawa. In za ka sauya wa tsohuwar kwamfuta manhaja, ka fara gwada ta daga filashi kafin ka share komai. In kuma za ka yi ƙaryar tafiya a ƙauye, to ka daure ka tafi ɗin, don mutanen nan sai su san kana ciki su kuma raka ka a ƙaryar har kwana biyu, ba don komai ba sai don kada ka zauna kai kaɗai.