Rasuwar 'Yar Tagulla, Farfelar Jirgin Malam Bamanga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta daina bugawa ba, iyalan Malam Bamanga na Kumbiya-Kumbiya ke sanar da rasuwar 'Yar Tagulla, farfelar jirgin ruwansa, ranar Laraba da hantsi, a tsakiyar dam ɗin Dadin Kowa.

Shekara goma sha ɗaya ta yi tana aiki a ƙarƙashin ruwa, ba mai ganinta, sai dai a ji "dub-dub-dub". Ku da ba ku san jirgi ba, ku saurara: allon ƙarfen da ke bayanta, wanda ake juya jirgi da shi, ba shi da ƙarfin kansa. Ruwan da take turo masa ne yake karkatarwa. In ta yi shiru, ko ka murɗa shi har hannunka ya gaji, jirgi ba zai ji ba.

Tun damina take jinyar tsagewa a fiffike ɗaya, muryarta ta koma "kar-kar". Bamanga yana lallaɓa ta, ba ya ba ta wuta sosai.

Ran nan ya ɗauko mata goma sha huɗu da kwandunan kifi, har da mahaifiyarsa, Inna A'i. Iska ta taso tana tura su wajen kututturan itatuwan da ruwan dam ya shanye. Tausayin marar lafiya ya sa ya rage wuta. Allo kuwa ya mutu a hannunsa. Kututture na matsowa, Inna A'i ta ƙura masa ido. Ya san in ya ƙara wuta jirgi zai juya, ya kuma san 'Yar Tagulla ba za ta ɗauka ba.

Ya ƙara.

Ta watsa wa allo ruwa da duk abin da ya rage mata, jirgi ya kauce, kututture ya gogi gefensa ya wuce. Sai "ƙas".

Ta bar allo cikin maraici, da inji, da Bamanga wanda bai ci tuwon kirki ba tun ranar.

Ba za a ba 'yan gwangwan gawarta ba. Za a rataye ta a zauren gida ranar Asabar bayan la'asar. Mai zuwa ta'aziyya kada ya tambayi Bamanga dalilin ƙara wuta. Ya dubi matan da za su raba masa goro kawai. Su goma sha huɗu ne cif.