Kwana Uku na Alhaji Sallau a Cikin Kwari

A shekarar 1981 Malam Jesse ya fara sanin Sallau, zamanin da jirgin ƙasa ke shigowa Gombe kuma agogon tasha yana faɗin gaskiya. Malam Jesse akawu ne a tashar, Sallau kuwa saurayi ne mai tallan matasan kai. Tun a ranar aka ga alamar girma a jikinsa: tallan nasa ne, amma wani ke ɗauke da kayan.

Yau shi ne Alhaji Sallau Mai Katifa na Jekadafari, bawan Allahn da rabin gari ke barci a kan alherinsa. Shekara talatin bai ɗaga abin da ya fi carbi nauyi ba.

Bara aka turo masa bidiyon wasu Turawa goye da jakunkuna, suna kwana da kwanaki suna keta wani kwari mai zurfi a hamada. Ya kalla sau tara.

"Mu ma muna da kwari," in ji shi a majalisa. "Ga shi nan bayan unguwa, ruwan sama ya haƙa mana kyauta. Kwana uku zan yi a ciki, kuma hannun wani mahaluki ba zai taɓa jakata ba. Malam Jesse zai bi ni ya rubuta komai, tunda shi bai iya ƙarya ba."

Nan take majalisa ta naɗa shi Kwamandan Kwari. Aka buga kalanda, aka sa ranar walima.

Malam Jesse ya auna faɗin kwarin, taku ɗari huɗu da goma sha biyu. Ya ɗora jakar a sikelin gyaɗa, kilo talatin da ɗaya. A ciki akwai ƙaramar katifa, kilishi, fanka mai caji, da babbar riga uku, don ko a kwari mutum yana iya yin baƙi.

Abin da Kwamanda bai lura da shi ba, Turawan bidiyo ba su da surukai a kusa. A Gombe babba ba ya ɗaukar kaya ana kallo. Yana goya jakar jama'a suka yi caa a kansa.

"Haba Alhaji, muna raye?" in ji surukinsa Babayo, har da ƙwalla. "Me za a ce da mu a gari?"

Ranar farko ta ƙare a kokawa, Alhaji na ja, masu ladabi na ja. Malam Jesse ya rubuta: taku sittin.

Rana ta biyu Kwamanda ya shimfiɗa katifa a inuwa don nazarin hanya. Matarsa Hajiya ta zuro tuwo da igiya daga bakin kwari. Masu gaisuwa suka gangaro layi-layi.

"Ba ku san daɗin kaɗaici ba," ya gaya wa mutum arba'in.

Rana ta uku ya kori kowa, ya ce a jira shi a rumfar walima can tsallake. Daga shi sai Malam Jesse suka isa gindin hawa. Sau uku yana hawa, sau uku jakar tana dawo da shi. A na ukun ya kwanta rigingine, ƙafafu a sama kamar kunkuru.

Sai ga Ya Falmata, wata tsohuwa 'yar Borno da ke ratsa kwarin kullum da itacen sayarwa a ka. Ba ta san Alhaji ba.

"Baba, ka tare hanya," ta ce.

Ta zare jakar daga kafaɗunsa, ta rataya, ta kama hawa da itacenta.

"Kada ki taɓa," in ji Kwamanda, a hankali yadda ba za ta ji ba.

Ta ajiye masa ita a gindin dalbejiya a sama, ta wuce. Can ya iso da rarrafe, ya goya, ya shiga rumfa ana tafi. Ya yi jawabin awa guda kan juriya. Sannan aka nemi shaida ya karanta rahoto. Alhaji ya zuba wa Malam Jesse ido irin na roƙo. Malam Jesse ya gyara tabarau.

"Jaka ta haye ƙarfe huɗu da minti goma. Alhaji ya haye ƙarfe biyar saura kwata."

Kwamanda ne ya fara tafi.

"Kun ji ko? Jakata ma ta fi ku zafin nama."

Bayan mako guda aka jingine sabuwar katifa, mafi kauri a shagon, a ƙofar ɗakin Ya Falmata a unguwar Madaki. Babu wasiƙa, babu ɗan aike, sai hoton Alhaji da ke jikin ledar kowace katifarsa. Ta daɗe tana duban hoton, sannan ta nemi Malam Jesse, wanda ta gani tare da shi a kwari.

"Malam, ka ce wa tsohon nan na gode. In zai sake hayewa ya jira ni a ƙasa, ƙarfe huɗu nake wucewa."