Inda Kallamu Ya Tsaya da Kyamara

Ko na dafa Alƙur'ani ba za ka yarda ba, amma ni Ɗanliti, da na bar makaranta a aji uku don malamai sun kasa bin gudun ƙwaƙwalwata, wawan unguwarmu ne ya kayar da ni.

Sunansa Kallamu. Yana zaune da yayarsa Tasalla mai suyar awara a bakin filin ƙwallon kwando na Tudun Maƙera, su da akuya guda da kyamarar da kawunsu mai hoto ya rasu ya bari. Abin da ka gaya wa Kallamu shi zai yi, ba ƙari ba ragi. A shekarar, idan ƙungiyarmu ta ci wasan ƙarshe za ta tafi gasa Kaduna, kuma kujera ɗaya ta rage a mota, ta mai ɗaukar hoto. Ni aikina rubuta maki a allo, amma ina da waya mai kyamara, na kuwa ƙwallafa rai a kujerar nan. Koci Haladu ya ce a gwada Kallamu tukuna. Na ce ba komai, ni zan koya masa aikin.

Wata rana ya same ni da kyamara a wuya. "Yaya Ɗanliti, ina zan tsaya?" Na ce, "Inda ƙwallo ke faɗowa." Ya je ya ƙame a ƙarƙashin raga. Duk wanda ya zura, sai ƙwallo ta sauka a tsakar kansa, ya ce "Madalla," ya danna. Hotuna talatin ya ɗauka, duk sararin sama ne da igiyar raga.

Wata rana koci da kansa ya ja shi kusurwa, bayan layi, wajen kwandon da muke zurawa. "Nan za ka tsaya, kada ka motsa." Aka tafi hutun rabin lokaci, aka sauya gefe kamar yadda ake yi. Kallamu ya dube ni daga nesa, na yi masa alama ya zauna daram. Ya yi ta ɗaukar abokan hamayya suna zuba mana ƙwallo, hotuna tar, har kocinsu ya zo ya sa masa albarka. An watse, Tasalla ta kwashe kaskonta, yana nan.

"Kai Kallamu, taho mu tafi."

"Koci bai ce in motsa ba, Yaya."

Sai da aka aika gidan koci aka karɓo izini.

Wata rana na ce masa manyan masu hoto daga sama suke ɗauka. Ya hau darbejiyar bakin fili har ƙoli. Ba fuska ko ɗaya a hotunan, sai kawuna. Da haka garin nan ya san Koci Haladu na da sanƙo, don ya cire hula sau ɗaya ya share gumi. Koci ya ce saura dama ɗaya.

Ranar wasan ƙarshe na ce bari in gama da shi. Na tsayar da shi a gabana na ce, "Ni da allon nan kawai za ka yi ta ɗauka. Ko filin ya kama da wuta kada ka juya." Na manta allon a jingine yake kusa da turken kwando.

Aka busa tashi, allo ya nuna muna da arba'in, baƙi arba'in da ɗaya. A filinmu kuwa ba takarda, abin da allo ya faɗa shi ne. 'Yan wasanmu suka zube a ƙasa. Koci ya fizgi kyamarar don ya sami wanda zai huce a kansa, ya fara duba hotunan. Ni da alli. Ni ina hamma. Sai ya tsaya cak, ya kira alƙalin wasa.

Ga ƙwallon Jibo Dogo, kyaftin ɗinmu, a cikin raga, ga allo na nuna talatin da shida, ga ni na juya baya ina karɓar awara a hannun Tasalla, baki cike. Hoto na gaba, baƙi sun ɗauki ƙwallo, allo yana nan talatin da shida. Maki biyu na haɗiye da yaji. Kocin baƙi ya duba sau uku, ya girgiza kai, ya miƙa wa namu hannu.

Jibo ya riƙe wuyan rigata. "Malam mai ƙwaƙwalwa, awarar ta yi daɗi?"

Aka yanke mini wankin rigunan ƙungiya har damina ta faɗi. Ranar tafiya ina tsugune a bakin famfo da kumfa har gwiwar hannu, Kallamu ya leƙo ta tagar mota.

"Yaya Ɗanliti, a Kaduna ina zan tsaya?"

Koci ya ce, "Duk inda ya ce maka, ka tsaya. Bakinsa na da albarka."

Hoton nan kuwa Tasalla ta sa an wanke shi babba, ta rataye a rumfarta. Ta ce tun da take suya ba a taɓa yi mata talla irin wannan ba.