Wutar Remok da Amaryar da Ta Ɓata a Lyon

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai gadon amarya Bron na bar amaryar a hanya ba.

Lokacin ina aiki a Paris, ina kuma neman auren Rakiya, ɗiyar wani Alhaji ɗan Maradi da ke zaune a Montreuil. Ban samu amsa ba tukuna, don haka duk abin da ya taso a gidan ni ne na farko wurin miƙa hannu. Da aka sa bikin yayarta Hadiza, wadda za a kai Bron kusa da Lyon, sai maganar ɗaukar kayan ɗaki ta taso. Alhaji yana da wata tsohuwar kampin-kar, irin motar nan mai gado da kicin a ciki, da ya saya wurin wani Bature abokin aikinsa a Rungis. An aro remok, wato ƙaramar tirelar kaya da mota ke ja, amma ƙugiyar jan remok ta bayan motar ta yi tsatsa, kuma filogin wutar motar bai dace da na remok ɗin ba.

Nan na ce a bar mini. (Na karanta lantarki a jami'a, abin da ba na bari a manta da shi a gidan.) Na cire tsohuwar ƙugiya na ɗaura sabuwa mai ƙarfi, kuma har yau ina alfahari da wannan ɓangaren. Sai wayoyi. Akwai ɗan abin haɗi da ake sayarwa a kanti, amma na ga raini ne mutum kamata ya saye shi, na yanke filogi na haɗa wayoyin ɗaya bayan ɗaya da hannuna.

Gwajin wutar baya sai da mutum biyu, ɗaya a sitiyari, ɗaya a baya yana kallo. Da na ɗaga kai, babu kowa a wurin sai Alhaji. Ya zagaya bayan remok da kansa ya tsaya. Duk wanda ya taɓa neman aure ya san halin da na shiga. Mutumin da ba na iya haɗa ido da shi, ta yaya zan leƙo ta taga in ɗaga masa murya ina tambayar hagu ne ko dama? Na taka birki, ya ce madalla. Na kunna wutar kwana, ya ce madalla. Na kashe mota na fito na durƙusa na yi godiya.

Ranar Asabar na kama hanya da safe tare da Gwaggo Zali, ƙanwar Alhaji, wadda za ta yi jere. Katifu da kabad sun cika remok har sun rufe bayan motar, na kuma ɗaura farin ƙyalle a madubai kamar yadda ake yi a nan. Duk lokacin da na canza layi sai in ji hon ta ko'ina. Na bayyana wa Gwaggo cewa al'adar Faransawa ce, in sun ga motar biki sai sun taya murna. Haka na yi ta ɗaga musu hannu tun daga Paris. Wani mai babbar mota har da leƙowa yana magana, na ce masa merci.

Motocin amarya sun cim mana a peyaj, wurin biyan kuɗin hanya, na kusa da Lyon, don ni kaɗai na san hanyar Bron. Na ce kowa ya bi wutata kawai. Da muka kusa inda hanya ta rabu biyu, na kunna ta dama tun da wuri. Remok ya nuna hagu. Duka motocin suka koma hagu cikin biyayya, ni na yi dama, manyan motoci suka shiga tsakaninmu. Wayata tana cikin jakar Gwaggo, don ta hana ni taɓa ta ina tuƙi.

Na isa Bron ina jin kaina. Dangin ango suka fito da guɗa da turare, suka buɗe ƙofar kampin-kar don su tarbi amarya, suka tarar da Gwaggo rungume da tukwane. Guɗar ta tsaya a tsakiya. Amarya kuwa tana can cikin hanyar nan ta Lyon da ta ratsa ƙarƙashin dutse, cikin cunkoson masu tafiya hutu, tana kuka na gaske. Sai bayan la'asar suka iso, abinci ya huce, kwalliya ta narke. Direbanta ya shiga kampin-kar ya kunna wutar dama, jama'a duka suka zagaya baya suna kallon ta hagu tana ƙyaftawa. Rakiya na cikinsu. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, kuma na tabbata aurena ya tafi.

Da muka koma na je Montreuil na zauna a ƙasa, na soma ba da haƙuri. Alhaji ya bar ni na gama.

"Ai na gani tun rannan," in ji shi. "Motar na nuna wanga gehe, remok na nuna wancan. To kai ba ka tambaya ba, ni kuma ina zan gyara ma mai neman ɗiyata aiki a bakin titi? Sai na ce wataƙila haka ake koya muku."

Sannan ya ce in turo magabatana, amma da sharaɗi guda: ranar da za a kai Rakiya, a jirgin ƙasa za ta tafi.

Tun daga nan na koyi cewa in za ka gwada wutar remok, ka nemi wanda za ka iya yi wa tsawa.